RESHIT: TARIHIN KALMAR MAFARI DA NUNAN FARI A IBRANANCI

Gabatarwa

Littafin farko na Attaura, wanda fassarar Hausa take kira Farawa, Yahudawa suna kiransa Bereshit, domin al'adarsu ce su laƙaba wa littafi kalmar da ya buɗe da ita. Kalmar kuwa kashi biyu ce. Akwai "be", harafi mai aiki irin na ba'un Larabci, wanda yakan ba da ma'anar "a" ko "cikin" ko "da". Sa'an nan akwai "reshit", wadda ita ce abin nazari a nan. Duk wanda ya san ta ta hanyar wannan aya kaɗai zai ɗauka ma'anarta "farko" ce kurum. Amma ta zo kimanin sau 50 a littattafan Ibrananci, kuma a wurare da dama maganar damin sha'ir take yi, ko kwaɓaɓɓen gari, ko man zaitun, ko gashin tunkiya. Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun kalmar daga gona zuwa Haikali, daga Haikali zuwa zauren malamai, domin a ga yadda al'umma guda ta haɗa mafarin duniya da nunan farin gona a bakin kalma ɗaya, da kuma abin da wannan haɗi ya ɗora wa mai riƙe da amanar jama'a.

Asalin kalmar

Tushen reshit shi ne "rosh", watau kai. Mai ilmin Larabci zai gane ɗan'uwansa nan take, domin shi ne "ra'as", inda aka sami "ra'is", shugaba, da "ra'asul mali", uwar kuɗi. Shi ne kuma "ras" na Habasha, sarautar da Haile Selassie ya riƙe yana Ras Tafari kafin a naɗa shi sarki a 1930. A harshen Akkad, wanda mutanen Babila da Assuriya suka rubuta a kan allunan yumɓu, akwai "reshu", kai, da "reshtu", wadda take nufin na farko, da mafi kyau, da kuma rabon farko da ake kai wa ɗakin bauta. Ashe ke nan wannan haɗin ma'ana ya girmi Bani Isra'ila. Gadonsa suka yi daga dangin harsunansu, sa'an nan suka ba shi nasu nauyi.

Daga "kai" ma'ana uku suka tsiro. Kai shi ne yake fara fitowa, saboda haka reshit farko ce ta fuskar lokaci. Kai shi ne a sama, saboda haka reshit ita ce mafi daraja. Kai kuma yakan wakilci jiki duka, kamar yadda ake ƙirga dabbobi ko masu biyan haraji da kawunansu, saboda haka reshit yanki ce mai tsayawa a madadin sauran. A nassosin Ibrananci ba safai ake raba waɗannan uku ba. Alal misali, a Farawa sura 49 Annabi Yakubu ya siffanta ɗan farinsa Ra'ubainu da reshit na ƙarfinsa, kuma a Maimaitawar Shari'a sura 21 wannan siffa ce hujjar da ta sa ɗan fari yake samun riɓi biyu na gado. Shi ne ya riga zuwa, shi ne babba, shi ne kuma mai wakiltar gidan.

Akwai wani abin lura. Siffar "bereshit" ta zo sau 5 kacal: ɗaya a Farawa, 4 a littafin Irmiya, inda ake maganar farkon mulkin Yehoyakim, wanda ya hau gadon sarautar Yahuza a shekara ta 609 kafin Miladiyya, da na Zadakiya, wanda ya hau a 597. Magatakardan Babila suna da irin wannan lafazi, "resh sharruti", wanda suke nufin watannin da suke tsakanin hawan sarki da shigowar sabuwar shekara, kuma masana da yawa suna ganin abin da Irmiya yake nufi ke nan. In haka ne, reshit wani tsagi ne na lokaci mai tsawo da faɗi, yankin farko da aka gutsuro daga wani abu babba. Da wannan za a fi fahimtar abin da ya faru a gona.

Reshit a gona

A ƙasar Kan'ana ruwan sama yana zuba ne da sanyi, daga wajejen Oktoba zuwa Afrilu. Sha'ir yake fara nuna, a watan Afrilu. Alkama ta biyo baya bayan makonni. Inabi da ɓaure su zo da zafi. Zaitun ya rufe shekara. Wani ɗan allon dutse da aka tono a Gezer a 1908, wanda aka rubuta a ƙarni na 10 kafin Miladiyya, ya jera watannin shekara bisa ga irin waɗannan ayyuka na noma. Manomin ƙasar Hausa ya san halin da gida yake ciki a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, idon kowa yana kan gero, yara suna ɗokin tumu. Irin wannan hali ne manomin Kan'ana yake ciki gab da nunar sha'ir.

A daidai wannan gaɓa doka ta tare shi. Littafin Firistoci sura 23 ya hana cin sabon hatsi, ko gurasa ce, ko gasasshe, ko ɗanye, sai an kai damin farko wurin firist ya ɗaga shi a gaban Ubangiji. Daga ranar ake ƙirga mako 7, a rana ta 50 a kawo gurasa biyu na sabuwar alkama. Wannan shi ne Idin Makonni. Littafin Ƙidaya sura 15 ya umarci a ware curin farko na kwaɓaɓɓen gari. Sura 18 ta ba firistoci reshit na mai da ruwan inabi da hatsi. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta ƙara da gashin farko da aka sausaye daga tumaki. Akwai wata kalma da take tafiya tare da reshit, watau "bikkurim", daga tushen da ya ba Larabci "bikr", ɗan fari, da "bakura", nunan fari. Bikkurim ta fi karkata ga abin da ya riga nuna, reshit kuwa ta haɗa riga da fifiko, kuma a Fitowa sura 23 an jera su kafaɗa da kafaɗa.

Wajibi ne a bambanta wannan da ushiri. Ushiri lissafi ne: sai an gama girbi, an auna, sa'an nan a fitar da kashi ɗaya cikin goma. Reshit kuwa Attaura ba ta yanka mata mudu ba. Abin da ya sa ta zama reshit shi ne matsayinta a jeri. Manomi yana ba da ita tun bai san abin da sauran gonar za ta yi ba, tun fara ko ƙanƙara ko iskar hamada ba su gama yanke hukuncinsu ba. Mai ba da ushiri ya ga abin da ya samu. Mai ba da reshit dogara ya yi.

Ma'anar wannan ibada ta fito sarari a Maimaitawar Shari'a sura 26. Manomi zai sa nunan fari a kwando, ya tafi wurin da aka keɓe, firist ya karɓa ya ajiye a gaban bagade. Sa'an nan manomin ya ba da tarihin kakanninsa a taƙaice: yadda kakansu ya kasance makiyayi marar ƙasa, yadda suka gangara Masar suna 'yan kaɗan, yadda aka bautar da su, yadda Allah ya fisshe su ya kawo su wannan ƙasa. Mutumin da ya yi huɗa da shuka da noma da hannunsa, ga shi yana shaida a bainar jama'a cewa gonar ba ƙarfinsa ne ya ba shi ita ba. Surar kuma ta rufe zancen da cewa za a yi murnar tare da Balawe da baƙo, watau mutum biyu da ba su da gonar kansu. Kwando ɗaya ya isa ya tabbatar da wane ne mai gonar na haƙiƙa. Bayan haka sauran amfanin ya halatta ga manomi.

Masu cin rabon farko

Duk inda aka tara dukiya da sunan Allah, sai an sami mai miƙa hannu. Littafin Sama'ila na farko, sura 2, ya ba da labarin 'ya'yan Eli, firistocin Shilo, waɗanda baransu yakan zo da cokali mai yatsu uku ya caki tukunyar masu hadaya, har ma yakan nemi ɗanyen nama tun ba a ƙone kitsen a bagade ba, in an hana shi ya ƙwace. Laifin da aka tuhumi gidan Eli da shi an faɗe shi da wannan kalma: sun yi ƙiba da reshit na hadayun jama'a. Suna da rabo halattacce, ba wanda ya hana su. Abin da suka yi shi ne sauya jeri, suka sa kansu a gaba.

A tsakiyar ƙarni na 8 kafin Miladiyya, zamanin Sarki Yerobowam na biyu, Amos makiyayin Tekowa ya ɗauki kalmar ya mai da ita bulala. A sura 6 ya yi wa manyan Samariya ba'a, masu ganin ƙasarsu ita ce reshit na al'ummai, masu kwanciya a gadajen hauren giwa, masu shafa reshit na mai a jikinsu, watau man da ya kamata ya isa bagade. Ya ce tun da suna son zama na farko, su ne za su kasance a kan gaba ranar da za a kora mutane bauta. Assuriyawa sun ci Samariya a wajen shekara ta 722. Masu tonon kufai sun sami ɓaraguzan kasko a can a 1910, ɗauke da lissafin tulunan mai da ruwan inabi da ake aikowa daga ƙauyuka, sa'an nan a shekarun 1930 suka tono ɗaruruwan sassaƙen hauren giwa.

Akwai kuma misali na ɗaya ɓangaren. Bayan Nebukadnezzar ya rushe Haikali a 586, aka kuma sake gina shi, Nehemiya ya zo Urushalima a 445 yana gwamna a ƙarƙashin Sarkin Farisa. Ya sa jama'a suka yi alkawarin kawo reshit, ya naɗa ma'aikata a kan ɗakunan ajiya. Da ya yi tafiya ya komo, sai ya tarar an kwashe kayan wani babban ɗaki an ba wani mai faɗa-a-ji, Tobiya, ya zauna a ciki, Lawiyawa kuma sun watse zuwa gonaki saboda an daina ba su rabonsu. Ya watsar da kayan Tobiya waje, ya naɗa ma'aji waɗanda aka shaida da amana. Shi kansa kuwa, shekara 12 da ya yi yana gwamna, bai karɓi abincin da aka saba yanka wa gwamna ba, saboda nauyin da yake kan talakawa.

Bikin kwanduna

Hoto mafi cika na wannan ibada yana cikin Mishna, tarin dokokin da malaman Yahudawa suka kammala a wajen shekara ta 200 Miladiyya, inda aka keɓe babi guda mai suna Bikkurim. A can aka taƙaita nunan fari ga iri 7: alkama, sha'ir, inabi, ɓaure, rumman, zaitun da dabino. In manomi ya shiga gona ya ga ɓauren da ya fara nuna, sai ya ɗaura masa zaren ciyawa ya sa masa alama. Mutanen gunduma sukan taru a babban garinsu, su kwana a fili, da asuba su kama hanya. A gabansu akwai sa mai ƙahoni da aka dalaye da zinariya, da rawanin ganyen zaitun a kansa, ana busa sarewa har Urushalima. Masu sana'a na birni sukan miƙe tsaye su gaishe su. Attajirai suna kawo nasu a kwandunan azurfa da zinariya, talakawa a na saƙa. A bakin Dutsen Haikali kowa zai saɓa kwandonsa a kafaɗa, har Sarki Agaribas.

Wata ƙaramar doka a wannan babi ta cancanci a tsaya a kanta. Da fari, wanda ya iya karatun shaidar nan ta sura 26 yakan karanta da kansa, wanda bai iya ba a biya masa. Sai marasa ilmi suka fara ƙin zuwa saboda kunya. Malamai suka yanke cewa daga nan kowa za a biya masa, masani da jahili. Haka kuma, inda Attaura ta bar abin a buɗe, Mishna ta sa ma'auni ga wasu rabe-raben: kason firist daga amfanin gona ɗaya cikin 40 ne ga mai sakin hannu, ɗaya cikin 50 ga matsakaici, ɗaya cikin 60 ga mai maƙo. Amma nunan fari kansa ta bar shi cikin abubuwan da ba su da iyaka.

Rumawa sun ƙone Haikali a shekara ta 70 Miladiyya, tafiyar kwanduna ta tsaya. Abin da ya rage shi ne curin kwaɓaɓɓen gari: har yau masu kiyaye addini cikin Yahudawa sukan gutsuri kaɗan su ƙone kafin su gasa gurasa, sunan wannan curi, "halla", shi ne ma ya zama sunan gurasar Asabar. Idin Makonni kuma ya koma ranar tunawa da saukar Attaura.

Daga gona zuwa tauhidi

Annabawa da masu hikima sun riga sun ɗauki kalmar zuwa wani fage. Irmiya sura 2 ya kira Isra'ila reshit na girbin Ubangiji, wanda duk mai cinsa zai ɗauki alhaki. In kuwa akwai nunan fari, to akwai sauran girbi a baya, watau sauran al'ummai. Karin Magana sura 1 da Zabura 111 sun mai da tsoron Allah reshit na ilmi da hikima, kuma ma'ana ukun nan duk suna aiki: shi ne matakin farko, shi ne mafi daraja, shi ne kuma yake tsarkake sauran. A Karin Magana sura 8 hikima da kanta ta yi magana, ta ce ita ce reshit na hanyar Ubangiji.

Da waɗannan ayoyi malaman Yahudawa suka koma kan kalmar farko ta Attaura. Tafsirin Bereshit Rabba, na wajen ƙarni na 5, ya ce reshit ita ce Attaura, da ita Allah ya tsara duniya kamar yadda magini yake duba zane. A wannan tafsiri kuma akwai mai cewa an halicci duniya ne albarkacin abu uku: curin gari, da ushiri, da nunan fari. Wannan magana ta ɗaure farkon halitta da kwandon manomi.

Sa'an nan ga gardamar nahawu. Malaman Tabariya da suka sa wa nassin wasula, aikin da ya kammala a wajen ƙarni na 10, ba su sa wa kalmar alamar ma'arifa ba, irin alif da lam na Larabci. Rashi, malamin garin Troyes na Faransa, wanda ya rayu daga 1040 zuwa 1105, ya lura cewa reshit kusan kullum a jingine take da wata kalma, kamar bambancin "da farko" da "farkon kaza" a Hausa. A ganinsa ayar tana faɗin lokacin da Allah ya soma halitta ne, ba jerin abin da aka fara halitta ba. Nahmanides na Kataloniya, wanda ya rasu a 1270, ya tsaya a kan cewa ayar jimla ce cikakkiya mai koyar da halitta daga babu, kuma masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Ishaya sura 46, inda kalmar ta tsaya da ƙafarta. Bayan George Smith ya buga labarin halitta na Babila a 1876, aka ga shi ma da jimlar lokaci ya buɗe, sai ra'ayin Rashi ya sami sababbin magoya baya, har fassarar Attaura ta Yahudawan Amurka ta 1962 ta bi shi. Gardamar tana nan, domin nahawu ya yarda da duka biyun.

A hannun masu fassara

Yahudawan Iskandariya da suka juya Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya sun raba kalmar biyu: "arkhe" ga mafari, "aparkhe" ga nunan fari. Marubutan Sabon Alkawari duka biyun suka gada. Bisharar Yahaya ta buɗe da lafazin da Farawa ta Girkanci ta buɗe da shi. Bulus kuwa, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa sura 15, ya kira tashin Almasihu nunan fari na matattu, hujjarsa kuma ta manomi ce: in damin farko ya shigo, sauran girbi yana tafe, somin-taɓi ne. A wasiƙar Romawa sura 11 ya kawo misalin curin gari mai tsarkake sauran ƙullun.

Ayar hikima ta Karin Magana sura 8 ita ce ta fi tayar da ƙura. Aikatau na Ibrananci da ya zo tare da reshit a wurin yana iya nufin mallaka, yana iya nufin halitta, fassarar Girkanci kuwa ta zaɓi halitta. Da yake Kirista sun ɗauki hikimar nan a matsayin Almasihu, sai Ariyus, wani limamin Iskandariya, ya kafa hujja da ita cewa Almasihu halitta ne, na farko cikin halittu. Taron Nikiya na shekara ta 325, wanda Sarki Kustantin ya kira, ya yi watsi da ra'ayinsa, amma rikicin ya ci gaba har fiye da shekara 50.

Ɓangaren dukiya ma bai mutu ba. A Turai ta tsakiyar zamani an riƙa kiran kuɗin shigar shekarar farko na sabon limami "nunan fari", ana aika wa Fafaroma. A 1534 majalisar Ingila ta mai da wannan kuɗi baitulmalin Sarki Henry na takwas. Abin da ya soma da kwandon ɓaure ya ƙare a littafin haraji.

Hausa ta yi dace a nan. Fassarar Littafi Mai Tsarki, wadda aka fara bugawa cikakkiya a 1932, ta sami tushe guda da ya ɗauki mafi yawan nauyin: Farawa, da fari, mafari, ɗan fari, nunan fari. Abin da "fari" ba ta ɗauka sosai ba shi ne ma'anar mafi kyau, sai a ƙara wata kalma. Al'adar kanta kuma ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, domin Muslim ya ruwaito cewa mutanen Madina sukan kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, 'ya'yan itacen da suka fara nuna, ya yi addu'ar albarka, sa'an nan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da yake wurin.

Kammalawa

Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ibraniyawa sun wuce nan, suka ce farkon abu yana da Mai shi, kuma yadda aka yi da farkon shi yake halatta sauran ko ya ɓata shi. A kan wannan ma'auni aka auna 'ya'yan Eli da manyan Samariya aka same su da laifi, a kansa kuma aka yaba wa Nehemiya. Ba a tambaye su yawan abin da suka ci ba. An tambaye su wa suka sa a gaba. Ɗalibin da yake shirin karɓar albashinsa na farko, da ma'aikacin da mabuɗin ɗakin ajiya yake hannunsa, tambayar da wannan tsohuwar kalma ta bar musu ke nan.